Kowane Hannu da Kayansa: Darasi a Kan Na'urar Ƙarfafa Kafaɗa Mai Hannuwa a Rarrabe

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan magana gaskiya ce, sai dai duk wanda ya taɓa shiga cikin masu ɗora jinka ya san ba duk hannun da ke ƙarƙashinta ne ke ɗauke da rabonsa ba. Wani ya tallafa da gaske, wani kuwa taɓawa kawai ya yi, jinka ta hau ɗaki ba tare da an san wanda ya yi ha'inci ba. Abin da ke faruwa tsakanin mutum goma shi ne ke faruwa tsakanin hannuwa biyu na mutum guda. Idan suka haɗu a kan kaya ɗaya, mai ƙarfin yakan rufa wa mai raunin asiri, har mai hannuwan ya shekara bai san ɗaya na cin gumin ɗaya ba.

Wannan maƙala za ta yi bayani a kan wata na'urar motsa jiki da aka ƙera domin hana wannan rufin asiri, wato na'urar da mutum ke zama a kanta ya tura nauyi sama, wadda kowane hannunta ke tafiya shi kaɗai. Za a duba yadda kafaɗa take, da tarihin na'urar, da yadda ake amfani da ita, da abin da zai maye gurbinta a inda babu ita. An ɗauki misalai daga rayuwar Kwaja ta ƙasar Mubi. Daga ƙarshe, da yake masu karatunmu ɗaliban harshe ne, za a tattauna kalmomin da suka dace a koyar da wannan darasi da su a Hausa.

2.0 Kwaja da Aikin Kafaɗa

Kwaja tana cikin ƙaramar hukumar Mubi ta Kudu, wadda hedikwatarta ke Gella, a jihar Adamawa. Tana cikin tsaunukan Mandara, dab da iyakar Nijeriya da Kamaru. Mutanen wannan yanki manoma ne da makiyaya, kuma a irin wannan wuri mai hawa da gangara kafaɗa jari ce. Da ita ake cira tulu ko jarkar ruwa a ɗora bisa gammo, da ita ake miƙa damin dawa ga wanda ke bakin rumbu, da ita mace ke ɗaga taɓarya sau ɗaruruwa kafin hatsi ya daku. Haka 'yan dako a kasuwar Mubi, da ita suke loda buhuna a mota. Ke nan tura nauyi sama ba baƙon abu ba ne, na'urar ce kawai baƙuwa.

Sai dai yawancin ayyukan ba sa raba wahala daidai. Lauje da adda a hannu ɗaya suke. Gatari da fartanya ko da an kama su da hannu biyu, ɗaya ne ke jagora. Kusan kashi 90 cikin 100 na mutanen duniya da dama suke aiki, kuma al'adarmu ta ƙara wa dama matsayi: da ita ake ci, da ita ake gaisawa, da ita ake miƙa wa babba abu. Masu auna ƙarfin damƙa sun lura cewa ga masu aiki da dama, hannun daman yakan fi na hagu da kimanin kashi 10 cikin 100, alhali bahagwai hannuwansu sukan yi kusan kunnen doki, saboda duniya tana tilasta musu aiki da dama.

Dambe ya fito da wannan bambanci fili. Ɗan dambe hannu ɗaya yake naɗe wa zare domin bugu, ɗayan kuwa ya miƙa shi gaba yana kare kai da auna abokin karo. Shi ya sa wanda ke bugu da hagu har laƙabi ake yi masa da Bahago. A fagen dambe wannan rabon aiki dabara ce. Amma matashin da ya sauko daga Kwaja zuwa karatu a Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi, wadda aka kafa a 2002, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke garin, ya fara ɗaga ƙarfe tare da abokai, da wannan bambanci zai shiga. Idan ya zaɓi nauyi da ƙarfin damarsa, hagunsa ce za ta biya bashin, kuma kafaɗar da ta lalace a makaranta ita ce za a nema a gona idan damina ta faɗi.

3.0 Yadda Kafaɗa Take

Babu gaɓar da ta kai kafaɗa sakewa a jikin ɗan Adam. Dalili kuwa shi ne kan ƙashin damtse dunƙulalle ne, gurbin da yake zaune a jikin allon kafaɗa kuma ba shi da zurfi. Zamansa kamar na tulu ne a kan gammo, ba kamar na taɓarya a cikin turmi ba. Wannan ya ba hannu damar juyawa ko'ina, amma kuma shi ya sa a cikin manyan gaɓoɓi kafaɗa ce ta fi saurin gocewa.

Rukunin tsoka huɗu ne ke aiki idan mutum ya tura nauyi sama. Na farko ita ce tsokar da ta lulluɓe kan kafaɗa kamar hula, wadda likitoci ke kira deltoyid saboda kamarta da harafin Girkanci mai kusurwa uku. Tana da ɓangaren gaba da na gefe da na baya, kuma na gaba da na gefe ne suka fi shan aiki a nan. Na biyu ita ce tsokar bayan damtse, wadda ke miƙar da gwiwar hannu. Na uku su ne tsokokin da ke juya allon kafaɗa, na saman gadon baya da na gefen haƙarƙari. Idan hannu ya tashi daga ƙasa har ya miƙe sama, ya yi tafiyar digiri 180. Kimanin digiri 120 daga gaɓar kafaɗa suke, sauran 60 kuwa juyawar allon kafaɗa ne. Na huɗu su ne wasu ƙananan tsokoki guda huɗu da suka kewaye gaɓar kamar ɗamara, aikinsu su riƙe kan ƙashin a gurbinsa yayin da manyan ke ja. Waɗannan ƙanana ba sa fitowa a madubi, amma mafi yawan ciwon kafaɗa da ke hana mutum ɗaga hannu a wurinsu ko a kewayensu yake farawa.

4.0 Taƙaitaccen Tarihin Na'urar

Wani likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Gustav Zander ne ya buɗe cibiya a birnin Sitokholm a 1865, inda marasa lafiya ke motsa jiki da na'urorin da ya ƙera, masu nauyin da ake ƙarawa ko ragewa. Tun farko ke nan na'urar motsa jiki kayan jinya ce kafin ta zama kayan masu neman ƙwanji. A 1945 wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, ya bayyana yadda ya farfaɗo da sojojin da suka ji rauni ta hanyar ƙara musu nauyi kaɗan-kaɗan. Daga aikinsa ne tsarin ɗagawa goma-goma sau uku ya samo asali. A 1957 Harold Zinkin ya fito da na'urar Universal mai jerin ƙarafa da ake zaɓar nauyinsu da ƙusa, sannan a 1970 Arthur Jones ya fara sayar da na'urorin Nautilus.

Galibin na'urorin tura nauyi na wancan zamani hannuwansu a haɗe suke, ƙarfe ɗaya ne mai mariƙi biyu. Ɗan Arthur Jones, wato Gary Jones, shi ya kafa kamfanin Hammer Strength a 1989, wanda ya yayata na'urori masu hannuwa a rarrabe, kowanne da nauyinsa. Kamfanin Life Fitness ya saye shi a 1997, kuma yanzu kamfanoni da dama suna ƙera irinsu.

5.0 Yadda Na'urar ke Aiki

Na'urar tana da kujera mai majingina da ake ɗagawa ko saukewa, da hannuwan ƙarfe biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Kowane hannu yana juyawa a kan ƙusarsa, yana da mariƙi a ƙarshensa. Iri biyu aka fi gani. Akwai wadda ake zura wa faya-fayan ƙarfe a kowane ɓangare, akwai kuma mai jerin ƙarafa da waya ke ja. A yawancinsu, mariƙan biyu sukan kusanci juna yayin da suke tashi, domin haka hannun mutum ke yi idan ya miƙa shi sama.

Duk wanda ya san jigo ya san ƙa'idar wannan na'ura. Jigo sanda ce a kan madogara, guga a wannan baki, nauyi a wancan, kuma nisan kowanne daga madogara shi ke yanke irin ƙarfin da mai ban ruwa zai sa. Haka na'urar take. Idan nisan faifan ƙarfe daga ƙusa rabin nisan mariƙi ne, to faifan kilo 20 zai zo wa hannu kamar kilo 10. Saboda haka kada ɗalibi ya kwatanta abin da ya tura a wata na'ura da na wata, balle ya yi alfahari da shi. Lambar da ke jikin faifai ma'auni ce tsakanin mutum da na'urar da ya saba da ita kawai.

Domin a gane amfanin raba hannuwan, sai a kwatanta abubuwa uku. Idan aka ɗaura wa bijimai biyu karkiya ɗaya, ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, kunya za ta karkace, mai huɗa ya gane. Wannan shi ne misalin doguwar sandar ƙarfe: hannu ɗaya ya gaza, sanda ta karkata. Na'ura mai hannuwa a haɗe kuwa ko karkatar ba ta yi, domin ƙarfen ba shi da damar kaucewa. A misali, mutum na iya tura kilo 30, dama ta ɗauki 17, hagu ta ɗauki 13, shi kuma ya tashi yana zaton 15-15 suka raba. Ita kuwa mai hannuwa a rarrabe, idan an sa wa hagu 15, to ko ta tura 15 ko mariƙinta ya tsaya a hanya kowa na gani. Ta haɗa abu biyu: tana nuna gaskiyar kowane hannu, kuma tana riƙe wa sabon shiga hanya don kada nauyi ya kuɓuce masa a ka.

6.0 Yadda Ake Amfani da Ita

6.1 Shiri da Zama

Kada a hau na'ura da jiki a sanyaye. A yi tafiya da sauri ko sassarfa ta minti 5 zuwa 10, a jujjuya hannuwa, sannan a tura na'urar babu nauyi ko da nauyi kaɗan sau goma. Daga nan a daidaita kujera yadda mariƙan za su kasance daidai da kafaɗa ko sama da ita kaɗan. Idan kujera ta yi sama da yawa, mariƙan za su faɗo ƙasa da kafaɗa, gaɓar ta fara aiki a matse. Idan kuma ta yi ƙasa da yawa, an yanke rabin tafiyar. A kafa tafin ƙafa biyu a ƙasa, a manna ɗuwawu da gadon baya ga majingina, a ɗaure ciki kamar mai jiran naushi.

Gwiwar hannu ta kasance a ƙarƙashin mariƙi, ta ɗan shigo gaba da kimanin digiri 30, kada a baje ta gefe ɗaya da kunne. Wuyan hannu ya tsaya a miƙe, kada ya lanƙwashe baya. Idan na'urar tana da mariƙi iri biyu, wanda tafukan hannu ke fuskantar juna ya fi sauƙi ga mai kafaɗa mai ƙorafi.

6.2 Turawa da Saukewa

A tura mariƙan sama a natse ana fitar da numfashi, har hannu ya miƙe, ba tare da an buga gwiwar hannu da ƙarfi a ƙarshe ba. A bar allon kafaɗa ya juya tare da hannu, domin an riga an ga cewa sulusin tafiyar nasa ne. Sannan a sauko da nauyin a hankali cikin daƙiƙa biyu zuwa uku ana shaƙar iska. Saukewar rabin aikin ce, kuma tsoka na ƙaruwa da ita kamar yadda take ƙaruwa da turawa. Wanda ya saki ƙarfe ya faɗo da kansa ya yi asarar rabin wahalarsa, ya kuma girgiza gaɓarsa a banza.

6.3 Hanyoyi Uku

Hanya ta farko ita ce a tura hannuwa biyu lokaci guda, ana lura da ko mariƙan suna isa sama tare. Wannan ita ce ta sabon shiga. Ta biyu ita ce a tura ɗaya, yana saukowa a tura ɗayan, kamar yadda mata biyu ke lugude a turmi guda. Ta uku ita ce a gama da hannu ɗaya tukuna sannan a koma ɗayan. Hanya ta biyu da ta uku suna sa tsokokin ciki da na kwiɓi aiki, domin nauyi na jan jiki gefe ɗaya, su kuma suna hana shi karkata. Haka kuma, tun 1961 masu bincike suka lura cewa sau da yawa jimillar abin da hannuwa biyu ke iya yi ɗaya bayan ɗaya ta ɗan fi abin da suke yi tare. Don haka kada mutum ya yi mamaki idan ya ga hannu guda ya fi kuzari in an bar shi shi kaɗai.

6.4 Hannu Mai Rauni Shi ne Ma'auni

Wannan ita ce ƙa'idar da duk darasin ya rataya a kanta. Nauyi ɗaya ake sa wa ɓangarorin biyu, kuma hannu mai rauni ne ke zaɓarsa. Da shi ake farawa. Idan ya tura sau tara ya gaza, to mai ƙarfin ma sau tara zai yi ya tsaya, ko da yana iya goma sha huɗu. Ta haka mai raunin ke samun wahalar da za ta gina shi, mai ƙarfin kuma ba ya rasa abin da yake da shi, har tazarar ta ragu. Wanda ya ƙara wa dama faifai don ta fi jin daɗi, ya mayar da na'urar da aka yi domin gyara ta zama mai faɗaɗa ɓaraka.

Ba a cewa sai hannuwa sun zama daidai wa daida. Ɗan bambanci halitta ne, ba cuta ba. Abin da ake gudu shi ne tazara mai faɗi wadda ke sa mutum ya karkace jiki duk lokacin da ya ɗaga kaya.

Akwai kuma wani amfani ga wanda ya karye ko ya goce aka ɗaure masa hannu. Tun 1894 wasu masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka suka gano cewa horar da hannu ɗaya na ƙara wa ɗayan ƙarfi ko da bai motsa ba, domin ƙwaƙwalwa ce ke koyon aikin. Nazarce-nazarcen da aka tattara daga baya sun sa wannan ƙari tsakanin kashi 8 zuwa 12 cikin 100. Ke nan mai ɗori zai iya ci gaba da horar da lafiyayyen hannunsa, idan likita ya amince.

6.5 Sau Nawa, Kwana Nawa

Ga mai farawa, a zaɓi nauyin da hannu mai rauni zai tura sau 8 zuwa 12 ba tare da jiki ya karkace ba. A yi haka zango biyu ko uku, ana hutun minti ɗaya zuwa biyu a tsakani. Kwana biyu a mako sun isa, kuma a bar aƙalla awa 48 tsakaninsu, domin lokacin hutu da barci ne tsoka ke ginuwa. Wannan ya dace da shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2020, cewa baligi ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Idan mutum ya kai yana wuce adadinsa da ɗagawa ɗaya ko biyu cikin sauƙi, sai ya ƙara nauyi da kashi 2 zuwa 10 cikin 100. A kafaɗa ƙaramin faifai ake nema, na kilo 1.25 ko 2.5. Sannu ba ta hana zuwa. Yana da kyau a ajiye ɗan littafi a riƙa rubuta abin da dama ta yi da abin da hagu ta yi, kowanne a layinsa.

7.0 Kurakurai da Abubuwan Hattara

Kuskuren da aka fi yi shi ne gantsarewa. Idan nauyi ya fi ƙarfin kafaɗa, sai mutum ya raba bayansa da majingina ya banƙaro ƙirji, aikin ya koma kan ƙirji, matsin kuma ya koma kan ƙugu. Wannan hali ne ya sa aka cire gasar tura ƙarfe sama daga wasannin Olamfik bayan na birnin Munik a 1972, domin 'yan wasa sun riƙa kwantawa baya har alƙalai suka kasa raba daidai da kuskure. Na biyu shi ne karkata gefe domin a taimaki hannu mai rauni, wato rufin asirin da aka kora ta ƙofa ya dawo ta taga. Na uku shi ne riƙe numfashi, wanda ke sa hawan jini ya yi tsalle nan take. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya nemi shawarar likita kafin ya fara.

Wajibi ne a bambance gajiya da ciwo. Zafin da tsoka ke yi a ƙarshen zango, da tsamin jikin da ke zuwa bayan kwana ɗaya ko biyu, ba abin tsoro ba ne. Amma suka mai kaifi a cikin gaɓa, ko jin kamar kafaɗa za ta fita, ko mutuwar yatsu, alama ce ta a dakata. Shan maganin kashe zafi irin su tiramol domin a ci gaba da ɗagawa toshe kunne ne daga gargaɗin jiki, ban da haɗarin kamuwa da shaye-shaye. Haka kuma idan hannu ɗaya ya mutu farat ɗaya, musamman tare da karkacewar baki ko sarƙewar magana, wannan ba aikin na'ura ba ne, alamar shanyewar ɓarin jiki ce, sai a garzaya asibiti.

A ƙarshe, na'urar ba ta wadatar ita kaɗai. Da yake a zaune ake, kuma ƙarfe ne ke riƙe hanya, ƙafafu da ƙugu ba sa koyon tallafar kaya kamar yadda suke yi idan mutum na tsaye. Wani nazari da ya tattara bincike da dama a 2023 ya nuna cewa na'ura da sakakken ƙarfe suna gina tsoka kusan daidai, amma mutum ya fi ƙwarewa a irin wanda ya yi horo da shi. Sannan duk mai turawa ya haɗa da ja, kamar jan guga ko ɗaga jiki a jikin sanda, domin bayan kafaɗa ya samu rabonsa.

8.0 Inda Babu Na'ura

Irin wannan na'ura tana da tsada, kuma kayan birni ce. To amma ƙa'idarta ba ta da tsada. Matasa da dama sukan zuba siminti a manyan gwangwanaye biyu su haɗa su da sandar ƙarfe. Matsalar ita ce sanda ɗaya ce, kuma da wuya gwangwanayen su zo nauyi ɗaya. Abin da ya fi shi ne a samu galan biyu iri ɗaya masu mariƙi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka galan mai lita 5 kilo 5 ne idan an cika shi, kuma ana iya ƙara rabin lita duk lokacin da aka so, abin da ko faifan ƙarfe bai kai shi daidaito ba. Idan ruwa ya yi kaɗan sai a koma yashi, wanda ya fi shi nauyi, a auna a sikelin mai awo. A zauna a kan benci a jingina da bango, a bi duk ƙa'idojin da aka ambata. Da yake babu ƙarfen da ke riƙe hanya, sai a fara da nauyin da bai kai wanda za a sa wa na'ura ba. Da wannan, matashin da ya koma Kwaja hutu bai rasa komai na darasin ba.

9.0 Kalmomin Darasin

A ƙasar Mubi ana jin harsuna irin su Guɗe da Fali, waɗanda dangin Hausa ne a rukunin harsunan Chadi, ga kuma Fulatanci. Hausa ce ke haɗa jama'a a kasuwa da tasha. Saboda haka idan za a isar da wannan darasi ga kowa, da Hausa za a yi, kuma a nan ne aikin ɗalibin harshe yake.

Sunan da Turawa suka ba wannan motsi, idan aka fassara shi kai tsaye, “dannawa” ko “matsawa” zai bayar. Amma a Hausa ƙasa ake danna abu, kuma matsa na nufin takurawa ko gusawa. Kalmar da ta dace ita ce “tura”. Tsarin giredin aikatau da F. W. Parsons ya fito da shi a 1960 yana taimakawa a nan. “Tura” giredi na ɗaya ne, “ture” na huɗu ne kuma yana nufin kayarwa, “turo” na shida ne mai nuna tahowa wajen mai magana, “turu” kuwa na bakwai ne, kamar a ce “ƙarfen ya ƙi turuwa”. Haka “sauka” da “sauke” da “saukar” da “sauko”. Mai koyarwa da ya ce “sauke” ya sallami ɗalibi, domin an gama ke nan. Wanda ya ce “sauko da shi” ya umarce shi ya rako nauyin zuwa kafaɗarsa. Wasali guda ne ya raba umarnin biyu.

Kalmar “jijiya” ma tana buƙatar kulawa, domin Bahaushe da ita yake kiran hanyar jini, da mai kai saƙon ƙwaƙwalwa, da wadda ta ɗaure tsoka ga ƙashi. Dole mai bayani ya fayyace: jijiyar jini, jijiyar saƙo, jijiyar tsoka. Ga wasu kalmomi da wannan maƙala ke ba da shawarar a gwada:

(a) hular kafaɗa: babbar tsokar da ta lulluɓe kan kafaɗa
(b) ɗamarar kafaɗa: ƙananan tsokoki huɗu masu riƙe gaɓa
(c) mariƙi: inda ake kama hannun na'ura
(d) faifai: ƙarfen da ake zurawa domin ƙara nauyi
(e) zango: jerin ɗagawa da ake yi kafin a huta
(f) turin tare, turin lugude, turin hannu guda: hanyoyi ukun da aka bayyana

An zaɓi waɗannan ne saboda kowace tana ɗauke da hoton da mai sauraro ya riga ya sani. Wanda ya taɓa ganin lugude ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan karɓa-karɓar hannuwa. Amma kalma ba ta zama kalma sai masu harshe sun karɓe ta, don haka hukuncin na bakin masu ɗaga ƙarfen ne.

10.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa fifikon wannan na'ura a kan takwarorinta abu ɗaya ne: tana ɗora wa kowane hannu kayansa. Wanda ya fahimci haka zai bar hannu mai rauni ya zaɓi nauyi, ya fara da shi, ya tsaya inda ya tsaya, ya ƙara kaɗan-kaɗan, ko a kan na'ura yake ko galan biyu ne a hannunsa. Ga ɗaliban wannan sashe kuwa, akwai aikin da ke jira: a shiga wuraren motsa jiki da gidajen dambe da majalisun 'yan dako, a tattaro kalmomin da suke amfani da su na sassan kafaɗa da na ɗaga kaya, a kwatanta su da waɗanda aka kawo a nan. Inda tasu ta fi, sai a ɗauki tasu.